Tela a Filin Jirgi

Shekara ashirin da shida ina ɗinki a Fagge,
babu kalmar da ta ciyar da ni kamar "gobe."
Gobe, Alhaji, saura aljihu.
Gobe, Nepa ce ta ɗauke wuta.
Na faɗe ta da murmushi, na faɗe ta da rantsuwa,
har almakashina ya haddace ta.

Ran Laraba na shiga filin jirgi da asuba,
da manyan riguna shida a jakar bakko,
aikin hannu, aska takwas, na wani biki a Legas.
Tikiti ya ce ƙarfe bakwai.
Ƙarfe tara lasifika ta yi tari, ta ce sha ɗaya.
Sha ɗaya ta ce bayan azahar.
Bayan la'asar ta yi gum.

Muka jibge kan kujerun ƙarfe
kamar ɗinkin da ba a zo karɓa ba.
Wani saurayi mai jarrabawar ɗaukar aiki
yana ta goge takalmin da ba shi da datti.
Wata tsohuwa na ƙirga ƙwayoyin maganinta,
likitanta na can, ita tana nan.

Da magariba ma'aikaciyar kamfanin ta ɗago kai
da irin murmushina sak,
ta ce: An soke. Sai gobe.
Wallahi kalmata ce ta yi dogon yawo
ta dawo ta same ni a zaure.

Malam Inuwa mai hular zanna ya ce a yi haƙuri,
wani jinkirin alheri ne.
Har mun fara jan jakunkuna
sai Hajiya Kubura, tsohuwar akawun kotu daga Gwammaja,
ta gyara tabarau a karan hanci:
Malam, haƙuri da haƙƙi harafi uku suka haɗa,
daga nan kowa ya kama hanyarsa.
Ƙaddara ta Allah ce, na yarda,
amma kuɗin tikiti kamfani ne ya karɓa.

Ta karanto mana daga wayarta a hankali, kamar hukunci:
in zama ya yi tsawo, a ba ka ruwa da abin taɓawa;
in ka fasa tafiya, kuɗinka ya dawo;
in dare ya raba, makwanci a wuyansu yake;
in an soke babu sanarwa, akwai diyya.
Ba sadaka ba ce, ta ce,
kada wanda ya durƙusa.

Ba mai takarda sai ni.
Na ciro littafin awo,
ƙarƙashin kafaɗa sha takwas, hannu ashirin da biyar,
muka jera suna arba'in da ɗaya da lambar tikiti.
Malam Inuwa ne na uku.

Manaja ya fito da gumi a ƙeya.
Ga ruwan roba, ga biskit,
ga bas zuwa wani otal a Sabon Gari
inda fanka ta kwana tana kuka.
Diyyar kuwa, mako biyar muna rubutu.
Duk Litinin Hajiya sai ta bugo:
Tasi'u, ka tura? Sake turawa.

Angon Legas da rigar aro aka ɗaura masa aure.
Wannan babu kamfanin da zai biya.

Ran da alat ya shigo ina kan keken ɗinki,
Ɗanjummai na tsaye a bakin shago,
wata biyu yana zarya kan yadi biyar.
Bakina ya buɗe da kansa: go...
Na kama ta da haƙori kamar zare, na tsinke.
Na ce, zauna.
Na aika aka sayo masa lemo mai sanyi,
na rage masa dubu biyu.
Ya leƙa waje ya duba allon shagon,
ko ya yi ɓatan kai ne.

Ban yi masa bayani ba.
Na zura zare, na taka keke.