Ƙaurin Gadar Kwangila

A hawan gadar Kwangila asiri ya tonu.
Buhu ashirin na masara daga Giwa,
na taka totur, inji ya kurma ihu,
allura ta yi sama,
akori-kura kuwa na jan ciki,
har mai amalanke ya wuce bai waiwayo ba.

Sai ƙauri ya cika gaban mota,
irin na tuwon da aka manta a murhu.
Na sauke gilashi, bai fita ba.

Garejin Tanimu na Muciya, gindin darbejiya.
Ya tura hula ƙeya, ya ce,
"Ja birkin hannu. Saka giya ta huɗu.
Ɗaga ƙafa daga kuloci sannu-sannu."
Na ɗaga. Inji na ta gurnani,
bai ko yi tari ba.

Na ce, "Ka ji lafiya!"
Ya ce, "A gwajin nan lafiyayye ke mutuwa.
Da faranti ya cafke, da tuni ta shaƙe.
Wannan da ka ji yana numfashi,
bai riƙe komai ba."

Ya danna feda da yatsu biyu,
ya juya noti, ko abin ya tsaya kan ɗari biyar.
Muka sake gwadawa.
Bai tsaya ba.

Shafi'u ya shimfiɗa kwali ya shige ƙasa,
notuna na faɗawa gwangwanin madara,
ƙwal, ƙwal, har azahar.
Mu uku muka tarbi giyabos kan tsohuwar taya,
bayana har yau bai yafe ba.

Ga faranti, sumul kamar guntun sabulu,
ƙusoshi sun fito suna ƙyalli,
sun yi wa fulawil tsage.
Tanimu ya shafa bayansa, ya duba yatsa:
ƙamas, ba ɗigon baƙin mai.
"Sil ya kuɓuta. To wa ya cinye shi?"
Ya leƙa ciki, robar feda ta side har ƙarfe.
"Ɓarawon na cikin takalminka na hagu.
Kullum kana ɗore da ƙafa:
ba ka taka ba,
ba ka saki ba."

Shekara goma sha ɗaya Yaya Zubairu ya ja ta
da faranti guda.
Gajere ne, kujera na manne da sitiyari.
Wata takwas da muka kai shi,
ni dogo ina tuƙi a takure,
gwiwa na gugar makulli,
kujerar nan ban taɓa ta ba.

Shagon Okwudili muka nufa, a Sabon Gari.
Ya ce akwai ɗan Beljiyam, akwai sabo dal.
Tanimu ya ce sabo, da murfi, da boris,
"Giyabos ba tukunya ba ce
da za a sauke ta sau biyu."
Na ƙirga kuɗin masarar da ban kai ba.

Ya goge fulawil, ya zura tsohon shaf ya saita tsakiya,
ya ɗaure noti, wannan sannan na daura da shi,
ba ya barin gefe guda ya fi ƙarfi.

Bayan la'asar, birkin hannu, giya ta huɗu.
Na ɗaga ƙafa.
Mota ta zabura, ta yi ɗif.
Shafi'u ya ce, "Alhamdu lillahi, ta mutu!"
Muka yi dariya, tawa ba ta ƙarasa ba.

Tanimu ya sunkuya ya ja ƙarfen kujera.
Ƙas, ƙas, ta koma baya.
A wajen da ta tashi
ga ɓarin goro busasshe, da shaidar haƙori.
Na sa shi a aljihu.

Magariba ta same ni a kan gada,
ƙafar hagu shimfiɗe a ƙasa,
buhu ashirin suna hawa.
Ƙaurin kujeru ne kawai
bai gama fita ba.