Ta Tafi Ba Notis

Tun asuba ake yayyafi a Galway,
irin wanda ba ya sauka, sai ya tsaya a iska yana jiran mutum.
Na ciro baƙar rigata daga ƙarshen kabad,
ita ma warin hayaƙi take.
Shekara goma sha tara ina ƙyafe kifi a rumfar Fergal Tuohy,
ba a yi sabulun da zai raba ni da warin nan ba.

Gida ya cika. An kwantar da Breda a falo,
akwati a buɗe, carbi naɗe a yatsunta.
An tsayar da agogon bango, an lulluɓe madubi,
butar shayi ba ta huta ba tun jiya.
Layi har bakin titi, kowa da jimlar da ya gada:
Sannu da rashi. Sannu da rashi.
A miƙa hannu, a faɗa, a matsa.

Shi kuwa yana tsaye cikin kwat da ta yi masa yawa,
kamar turken da jirage suka daina ɗaurewa.
Wannan fa shi ne ya yanke mini albashi kan minti bakwai
ranar da bas ta mace a Oranmore.
Shi ne mai ƙirga safar hannu ta roba kafin a tashi.
Shi ne, ranar da na binne mahaifina, ya ce,
"Litinin dai kina nan ko, Nuala? Kifi bai san makoki ba."
Shekara shida maganar na maƙale a wuyana kamar ƙaya.

Yau ga shi an mai da shi ƙwai,
kowa na lallaɓawa kada ya fashe.

Na rantse jimlar gado na shirya,
na yi ta bitarta tun daga ƙofa.
Amma da layi ya zo kaina, baki ya yi gaban kansa:

"Fergal, shekara talatin da ɗaya tana riƙe maka littafin kuɗi,
ta tafi ba notis, ba takardar likita.
Nawa za ka yanke mata?"

Cokali ya faɗi a kicin.
Ƙanwarsa Assumpta ta dafe ƙirji.
Fada ya sunkuya cikin kofinsa
kamar an rubuta masa huɗuba a gindin shayi.
Na roƙi ƙasa ta tsage, ƙasa ta yi kunnen uwar shegu.

Ya dube ni.
Ya daɗe yana dubana.

"Sati biyu," in ji shi.
"Kuma ta tafi da lambobin akwatin kuɗi a kanta,
ba ta faɗa wa kowa ba, muguwa."

Sai wani sauti ya kufce masa,
ya faro da dariya, ya karye a tsakiya,
ragowar ta zubo ta ido.
Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ƙi saki,
layi ya tsaya cak a bayana.
"Ita kaɗai ke mini magana haka," ya ce a hankali.
"Kwana biyu ke nan ana mini magana kamar ni ne a akwatin."

Na fito ban sha shayin ba.
Har yau ban san me na kai gidan nan ba,
tausayi ne ko ramuwa.
Wataƙila a tukunya ɗaya suka dahu,
ni ma ban leƙa ba na ɗauko.
Ban kuma ce kowa ya gwada ba.
Da gatarin ya goce kaɗan, da ƙafata ya sara,
da tasa.

Ran Litinin na zauna a mota a bakin rumfa,
ina kallon shamuwar teku na faɗa kan kan kifi,
sai da minti bakwai suka cika cif, na shiga.
Yana zaune a kujerar Breda, littafinta a gabansa,
tabaronta a gefe, bai kawar ba.
Ya dubi agogo. Ya dube ni.
Ya lashi bakin fensir, ya rubuta.

Ƙarshen wata na ƙirga kuɗina sau biyu.
Ya yanke.