Igiyar Kwangwalam

Rumfata na bakin kwalta a nan Kwangwalam,
Shekara sha bakwai ke nan ina facin taya.

Daga bencina ina hango iyakar ƙasa:
Ganga biyu cike da yashi, tsakaninsu igiya.

Ran Asabar, jajiberin kasuwar Mai'adua,
Rediyo ya sake cewa maƙwabta sun bar ƙungiya.

Sallau mai canji ya ninke sefarsa ya cusa aljihu,
Ya ce, "An taɓa fushi da guga a cike rijiya?

Tsinke ɗaya ba ya shara, kowa ya san haka,
Su za su ji a jikinsu, mu ma mu sha wuya."

Barmo direba, ɗan Matamaye, na kan tsohon rim,
Ya tofar da tsinken sakace, ya yi 'yar dariya.

"Sallau, ran da aka yanke mana wutar lantarki
Ina maɗaurin nan naku, ina ita tsintsiya?

Wata nawa motata na kwance tana cin tsatsa?
Ƙanwata Ta-Sallah ta haihu da fitilar waya.

Wanda ya rufe maka ƙofa da rana tsaka,
Da dare ya ce ɗan'uwa? To wa ya koya masa kunya?"

Shiru ya ɗan ratsa. Ni dai na zare tub ɗin,
Na hura shi, na danna a ruwa, ina bin sa gaba da baya.

Malam Nomau, da ya bar koyarwa tun bara waccan,
Ya share tabarau da gefen riga, ya gyara murya:

"Barmo, ciwonka gaskiya ne, ban musa maka ba,
Amma fita minti ɗaya ce, lissafi na zuwa daga baya.

Gobe in aka ce buhun wake sai da sabuwar takarda,
Dabino da haraji, rago da hatimi, wa zai biya?

Masu sa hannu a birni ba sa kwana a tasha."
Barmo ya ce, "Mu sha kanzo da 'yanci, ya fi romo a wuyan igiya."

"Kanzon ma," in ji Sallau, "daga wace tukunya?"
Nan fa aka kaure, kowa na rantsuwa shi ne mai gaskiya.

Har yaron mota ya sa baki, aka ce masa rufe,
Har ɗan kwastan ya leƙo, ya koma ya juya baya.

Sai ga Hurera da ƙwaryar fura daga ƙetare,
Ta bi ta bayan ganga kamar kullum, ba ta bi ta hanya.

Ta sauke, ta saurara, ta dama ludayi uku,
Ta ce, "Gonarmu rabi na can, rabi na nan, kunya bayan kunya.

Gero bai taɓa tambayata tutar da zai fito ƙarƙashinta ba.
Uwata na Zango, kabarin ubana na Tsatsumburum, ni ce ɗiya.

Ran da aka shiga, babu wanda ya aiko mini goro,
Ran fita ma a bakinku na ji. Ku dai ku yi ta hayaniya.

Sallau, ɗari uku tun Talata. Barmo, naka ya fi haka.
Ko naira ko sefa, yau kam sai kun biya."

Aka yi dariya, banda Malam, yana kallon shingen
Kamar mai karanta wasiƙar da ruwa ya jiƙa tun jiya.

Ni kuwa na ga kumfa ta taso, na sa yatsa a wurin,
Ƙusa ce 'yar ƙarama, ta lanƙwashe kamar ƙugiya.

Barmo ya ce ta Najeriya ce, Sallau ya ce ta Nijar,
Na juya ta a tafina, tsatsa ce kawai, ba alama ko ɗaya.

Na manna faci, na gasa, na ce ɗari takwas ne.
Barmo ya laluba, sefa zalla, babu naira ko ƙwaya.

Ya miƙa wa Sallau, suka koma ciniki kan farashi,
Da zafin da suka yi gardama, har da jijiyar wuya.

Da la'asar aka sassauta igiyar, motar ta tsallaka.
Ban san wa zai ɗaga ta gobe ba, ko nawa zai ce a biya.

Ƙusar tana nan a gwangwanina tare da sauran.
Sallau ya kashe rediyo, batir ya yi tsada, sai da safiya.