Awon Nisa

Kuran ya ɗauke tun bayan isha.
Birni ya yi tsit, sai ƙarar jarkoki
a bakin famfon da bai kawo ba tun Talata.
Ni da Ma'azu muka hau da Baba saman soro,
ba nauyi, kamar buhun da aka ci rabinsa.

Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da alli a lise,
yau cokali ma sai na tallafa.
Amma da Kaza da 'ya'yanta suka leƙo
ta bayan duwatsun nan masu kwanciyar giwaye,
sai muryar aji ta dawo masa:

"Magaram, miƙa babban yatsa.
Rufe ido ɗaya. Buɗe, rufe ɗayan.
Kin ga ya yi tsalle a kan hasumiya?
Jawo shi kusa da hanci, tsallen ya ƙaru.
Haka duniya ke ƙifta wa taurari,
ido ɗaya yau, ɗayan bayan wata shida.
Wanda ya gusa, maƙwabci ne.
Wanda ya ƙi, sai wata dabara."

Na san dabarar, tun ina 'yar tara nake jin ta.
Akwai tauraron da ke numfashi,
ya kumbura ya haska, ya sace ya dusashe,
wani kwana biyar, wani sai ya cinye wata.
Mai dogon numfashi shi ne mai babbar wuta.
Ƙirga kwanakinsa, ka san ainihin haskensa;
duba yadda ya iso maka a gajiye,
saura lissafi.
Kamar fitilar mai shayin Zango:
in ka san ƙarfin ƙwanta,
ƙanƙantarta daga nan ita ke faɗa maka tafiya.

Ya yi tari. Na ba shi ruwan da muka saya da safe.

"Su ma haihuwarsu ake," ya ce,
"cikin hayaƙin da ya dunƙule har ya kama.
Manyan almubazzarai ne,
su ƙone itacen shekara a dare ɗaya, su fashe.
Ƙanana su ke da tattali.
Ranar nan tamu, in ta tsufa,
za ta kumbura ta yi ja,
ta tuɓe rigunanta ɗaya bayan ɗaya,
ta bar ɗan farin garwashi yana hucewa shi kaɗai.
Ƙarfen da maƙera ke duka a bayan kasuwa,
da wanda ke yawo a jininki,
gadon wani tauraro ne da ya mutu
ba wanda ya je masa gaisuwa."

Sai ya yi shiru.

Ni aikina asibiti ne, na san inda ake ɗora yatsu biyu.
Numfashinsa ya hau, ya hau, ya sauka,
ya tsaya.
Na ƙirga goma sha biyar kafin ya komo.
Jiya goma ne.

Ainihin haskensa kuwa na sani,
daga bencin baya na gan shi,
mutumin da muryarsa ke ƙetare aji uku
har darekta ya aiko a ce ya rage.
Ga shi yanzu yadda yake iso mini.
Duk abin da lissafin ke nema yana hannuna,
shi ya koya mini,
kuma na ƙi yi.

"Kin samo amsa?" Idonsa a rufe.
Na ce, "Kana kusa, Baba."
Gefen bakinsa ya motsa.
"Amsa ba aiki, sifiri ce."

Wajen ƙarfe uku famfo ya yi kaki,
unguwa ta tashi da gudu da bokitai.
Ma'azu ya sauka kama layi.
Ni na zauna, hannunsa a cinyata,
ina rufe ido ɗaya, ina buɗe ɗaya,
ko zan ga ya gusa.