Kalma Ɗari Biyar

A bangon sashen falsafa, a birnin Valparaíso,
takardu sun hau kan juna kamar ɓawon albasa.
Ga taro a Lisbon kan ko na'ura tana jin zafi.
Ga mujalla tana neman maƙala
kan gaskiyar abin da kimiyya ta auna, ido bai gani ba.
Ta can ƙasa, wadda laima ta ci wa gefe,
ita ta tsayar da Maite Huenchul:
gurbin bincike na shekara uku a Bergen,
da albashi, da ɗaki, da kuɗin jirgi.
Tambayarsu guda ce:
in tunawa ta yi ƙaura, wa ya rage a gidan?
A amsa cikin kalma ɗari biyar
kafin sha biyun daren Juma'a.

Malaminta Ildefonso, mai tari da warin taba,
ya ce, "Nemi.
Mutum ɗari uku za su nema, a ɗauki ɗaya.
To, ɗayan ma ai haifarsa aka yi."

Ta shiga tsohon akwatin ƙarfen da ke jan mutane saman tudu,
yana ƙara kamar gwiwar tsohuwa.
Can ƙasa tashar jiragen ruwa na ta sauke kaya,
inda mahaifinta ya shekara talatin da ɗaya
yana sarrafa ƙugiya tsakanin sama da teku.

Ta same shi bakin taga, takalmi a ƙafa guda.
"Sannu, yarinya. Wa kike nema?"
Jiya ya san ta har faɗuwar rana.
Yau jirage kawai ya sani:
wancan na Panama ne,
wancan kuwa an yi masa lodin ganganci.

Daren Laraba ta rubuta:
masana sun ce mutum sarƙa ce ta tunawa,
kowane zobe na riƙe da na bayansa.
Ta ƙirga, kalma tamanin.
Ya yi tari a ɗaki.
Ta goge.

Alhamis ta karanta maƙala bakwai
masu hoton ƙwaƙwalwa, nan ja, nan shuɗi,
kamar taswirar ƙasar da ake yaƙi a kanta.
Ba wadda ta faɗi dalilin da ya sa
wanda ya manta sunanta
yake ɓare lemo, ya tsince 'ya'yan da farce,
ya turo mata rabi mafi girma,
yadda ya saba tun tana 'yar shekara shida.
Hannun ya san ta. Bakin ne bai sani ba.
To a wane shafi ake rubuta ilimin hannu?

Gwaggonta Rosalba, tana goge tukunya, ta ce,
"Ki tafi in sun kira.
Ni ma ba gane ni yake ba, da me kika fi ni?"
Suka yi dariya, irin wadda ake yi
don kada a yi ɗayan.

Juma'a da dare ta zauna.
Ba ta fara da masana ba, ta fara da lemo.
Ta ce wataƙila tunawa ba a kai kaɗai take kwana ba,
tana da shimfiɗa a yatsu,
da kuma wajen waɗanda ke tuna ka in ka kasa.
Ta san za su ce ina hujja.
Ta ce a ba ta shekara uku ta nemo.

Ɗari huɗu da casa'in da takwas.
Saura biyu, ta bar musu fili.
Sha biyu saura kwata ta tura.
Na'ura ta amsa nan take, ba yabo ba fallasa:
ya iso, sai watan Maris.

Ya farka, yana lalube a duhu.
"Jirgin ya tashi?"

"Tukuna, Baba.
Lodi ake yi."