Ƴar Ƙaya

Tun ban ɗaga guduma ba take fitowa
daga tsagar dutsen nan na bayan Garin Malam,
jiki sanyi ƙalau, kamar wadda ta kwana a randa.
Sai ta baje ciki a kan falale,
ta bar rana ta shige ta gaɓa-gaɓa.
Ni ina hura wutar shayi, ita tana shan tata wutar
kafin a fara kukan tsakuwa.

In ka cire wutsiya, ba ta cika tafin hannuna ba.
Ƙayoyin bayan kunnenta na kira ƙaho,
Cima ta tuntsire da dariya:
"Baba, ina ƙaho a nan?
Mushe ya nuna mana a lakwal,
wani can ƙetaren teku, mai ƙahon gaske,
faffaɗa kamar waina.
In kare ya matsa masa, jini yake fesowa ta ido."
Na ce, Allah mai iko.
Tamu dai ba ta da jinin zubarwa,
gudu gare ta, da launin dutse, da sanin inuwa.

Na ga farautarta. Ba ta bin kowa.
Tsayawa take a gefen hanyar tururuwa
kamar mai karɓar haraji a bakin kasuwar Dole.
Harshe ɗaya, ɗauka ɗaya,
ayari bai ma san an rage shi ba.
In shirwa ta gilma sai ta koma dutse.
Ko ni da na san inda take
sai na yi ta lalube da ido.

Da ruwan farko ya sauka bana
na tarar tana tono a gindin dutsen,
inda ƙasa ke riƙe laima.
Ƙwai shida na ƙirga, farare, ɓawonsu kamar fata.
Ta mayar da ƙasa, ta daddaɓe da haɓa,
ta yi gaba ba waiwaye.
Reno ta bar wa rana.

Jiya Barmu ya zo da motarsa,
ya ƙwanƙwasa dutsen da makulli:
"Wannan nake so. Ka cinna masa taya yau,
jika goma sha biyar, kuɗi hannu."
Na san yadda wuta ke ratsa ƙasa.
Na ce masa wannan mugun dutse ne, gari yake yi,
na gabas ya fi ba da tsakuwa.
Ƙarya na yi. Na gabas ya fi nisa,
ya fi tauri, kafaɗata ta sani,
kuma bashin gero na nan wurin Kanta.

Wata biyu, in ji Cima, su fito.
Na ce mu gani.

Da safen nan ta hau kan falalen,
ta dube ni da ido ɗaya,
ta gyaɗa kai sau uku.
Na san ba godiya ba ce.
Haka take yi wa kowa.