Kwaɗon Salamanka

Kaltume ta turo hoto da la'asar sakaliya,
ina kan dakali a Dadin Kowa, ina ɓare gyaɗa.
"Baba, nemo min kwaɗo a jikin bangon nan."

Na ɗora tabarau, na buɗa hoton da yatsu biyu.
Ƙofar jami'a ce, sassaƙa ba masaka tsinke:
ganye, garkuwa, fuskokin sarakuna, ƙoƙon kan mamaci.
Wai ɗalibin da ya hango kwaɗon da idonsa
ba ya faɗuwa jarrabawa.
Na ce ashe camfi ma yana zuwa makaranta.

Shekara talatin da ɗaya ina shan ƙurar alli,
ina zana Sifaniya a allo kamar fatar sa a shanya,
in ɗiga ɗigo can yamma, dab da iyakar Fotugal,
in ce, "Ku rubuta: tudu, sanyi, alkama, shanu."
Ban san ɗigon nan yana da baki ba,
sai da ya haɗiye min autata.

Kogin Tormes, in ji ta, ba ya gaggawa.
Rumawa suka ɗora masa gadar dutse,
ambaliya ta zo wani dare ta cinye sashe,
aka gina sabo, aka ɗinke shi da tsohon,
kuma sabon ma ya kusa shekara ɗari huɗu.
Na tuna kwalbatin hanyar gonata:
damina biyu ya yi, ya kwanta dama.

Garin ya taɓa zama kufai
tsakanin masu kiran salla daga kudu
da masu kaɗa ƙararrawa daga arewa.
Kowa ya ja nasa gefen, tabarma ta yage.
Sai mutane suka dawo, suka share, suka hura wuta,
aka kafa makaranta, yau shekara ɗari takwas da 'yan kai,
ana shiga da ƙuruciya, ana fita da tabarau irin nawa.

Ta ce in rana ta karkata
bangayen garin sukan koma launin zuma,
don da dutsen yashi aka gina su,
mai laushi ran da aka haƙo shi, mai tauri in ya sha iska.
Na ɗaga kai. Ga Bima can, shi ma dutsen yashi,
yana ja kamar an shafa masa lalle.
Ba wanda ya sassaƙa masa ko fure ɗaya,
kuma bai kai ƙara wurin kowa ba.

Akwai jan rubutu a bango, in ji ta,
na masanan da, ranar da suka kammala;
ana cewa har da jinin bijimi a tawadar.
Na ce ke dai ki kammala,
ragon yana nan ɗaure, ban sayar ba.

A kan hasumiyoyi fararen tsuntsaye suke sheƙa,
dangin shamuwa, masu jan baki.
In sanyi ya gabato wasu sukan ƙetaro Sahara
ba fasfo, ba layin ofishin jakadanci.
Ki faɗa wa ɗaya, Kaltume,
Gongola na nan, gidanmu na biyu bayan masallaci.

Magariba ta yi, cajin waya saura kaɗan.
"Baba, in nuna maka? Yana kan…"
Na ce kul. Malami ba ya satar amsa.

Na kife wayar a kan buhun gyaɗa.
Can cikin fadamar shinkafa, bakin kwata,
namu kwaɗin suka ɗauki karatu gaba ɗaya,
ba wanda ya neme su.